Na Ɗauka Ɓari Ne

Litinin, 3 ga Maris

Yau shekara shida da wata huɗu rabona da gida. Ba don ina jin daɗin ƙirgawa na ƙirga ba, takardar zamana ce ta tuna min. Ranar sha biyar ga Mayu za ta mutu, kuma ba a sabunta ta sai da sa hannun Mai Makulli, shugaban ma'aikatan wannan gidan namun daji, mutumin da har yau bai iya sunana ba.

An canza min wurin aiki. Mai kula da shingen kangaru bayansa ya riƙe, an kwantar da shi, sai aka duba wa ke riƙe da tsintsiya. Ni. Shekara goma sha tara ina malamin dabbobi a gida, hannun nan ya shiga cikin shanu ya juyo maruƙan da suka zo a gicciye, ba sau goma ba, ba sau hamsin ba. A nan an ce takarduna ba su da amfani. To. Na kwashe kashin giwa, na kwashe na raƙumin dawa, na kangaru ba zai gagare ni ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Su bakwai ne. Na sha ganinsu daga nesa, amma kusa daban ne.

Kai irin na barewa, kunnuwa irin na jaki, hannuwa 'yan ƙanana kamar an aro su daga wata dabbar. Jela kuwa kaurinta a gindi ya kusa cinyata, a kanta suke jingina su zauna, kowa na yawo da kujerarsa. In suna kiwo a hankali, jelar nan ƙafa ce ta biyar. In suka zabura kuma, ba zan kira shi gudu ba, kamar ƙasa ce ke cilla su sama tana karɓe su. Na tsaya da shebur a hannu ina kallo har Mai Makulli ya wuce ya kaɗa min makullansa.

Akwai wata mace mai yagaggen kunne, da hannu aka raine ta, ba ta tsoron mutum. Ta zo ta shinshina aljihuna, ta dube ni irin duban da ƙanwar babana ke yi wa kwanon da bai wanku ba. Na sa mata Gwaggo. Tana da ɗa da ya riga ya bar jaka, ya kai gwiwata tsawo, amma yana zuwa ya cusa kai ciki ya sha. Namijin garken kuma Ƙato. Da shi ba ma gaisawa.

Asabar, 8 ga Maris

Direba, abokin ɗakina mai rarraba burodi, ya tambaye ni ko yau ma an yi tiyata da shebur. Dokta yake ce min, don tsiya. Na ce ya kwashe safarsa daga kan tukunyata.

Talata, 11 ga Maris

Likitar gidan ta zo duba haƙoran Ƙato. Ba ta fi sa'ar babbar 'yata da yawa ba. Baba take ce min, har da ɗan rusunawa, wannan ladabin ne ma ya fi ƙona min rai, da ta yi rashin kunya da na san inda zan ajiye ta. Amma in faɗi gaskiya, hannunta na da kyau. Ta yi allura dabbar ba ta ko waiwaya ba. Ni ba na iya haka.

Lahadi, 16 ga Maris

Gwaggo ta rage ci. Tun jiya take ware kanta, ta buɗe jakar da hannuwa biyu ta tura kai ciki tana lasa, ta daɗe, ta fito, ta koma. Cikinta a lafe, babu alamar komai. Da akuya ce da na ce haihuwa ta zo. Ban gaya wa kowa ba. Wa zai tambayi mai shara?

Talata, 18 ga Maris

Zan rubuta shi yadda ya faru, ba ragi.

Wajen ƙarfe tara na safe na sami Gwaggo a gindin bishiya, ta jingina bayanta, ta zauna a kan ƙugu, jelar ta biyo ta tsakanin ƙafafu ta miƙe gaba. Tana lasar ƙasanta. Na matsa. Ga ɗan ruwa, ga ɗigon jini a kan jela. Sai na hangi wani abu ja a cikin gashin mararta, bai fi ƙwayar wake ba, ba ido, ba kunne, ba gashi, ƙafafun baya ko fitowa ba su gama yi ba.

Na san abin nan. Na ɗauka na san shi. Ɓari. Na ga garken shanu arba'in da bakkale, cutar ɓari, ta shiga, ɗaya bayan ɗaya suna zubar da ciki, har matar mai garken ta kwanta da zazzaɓin. Abin da aka koya min, abin da ni ma na koya wa wasu: kada ka bari uwar ta lashe, kada ka bari sauran su shinshina, sa safar hannu, ɗauke, rufe a kwalba, kai ɗakin gwaji. Safa na aljihuna. Kwalba na akwatin magani a bakin shinge. Ban yi minti ɗaya ba.

Yana motsi lokacin da na tsince shi. Ya riƙe gashin, sai da na ɗan ja. Na ce a raina ɗan ɓari ma yakan motsa kafin ya tafi.

Kuma, tunda ba mai karanta wannan sai ni: da alfahari na tafi. Ina tafiya ina shirya yadda zan ajiye kwalbar a teburinta in ce, Likita, ga abin da mai shara ya gano kafin ya cinye muku garke.

Ta ɗaga kwalbar wajen taga. Na ga fuskarta ta canza. Ta tambaye ni a ina, na faɗa. Ta tambaya ina ya nufa lokacin da na ɗauke shi, sama ko ƙasa. Na tsaya na tuna. Sama.

"Baba, ba ɓari ba ne," ta ce. "Haihuwa ce. Haka suke zuwa."

Da gudu muka koma. Na riƙe Gwaggo, ita ta buɗe jakar, ta ɗumama shi a tafin hannunta, ta yi ta kai bakinsa kan nono da ɗan hantsaki. Sau nawa ban sani ba. Ya riga ya yi sanyi a kwalba. Bakin bai kama ba. Kafin azahar ya daina motsi.

Gwaggo ta tashi ta koma kiwo.

Laraba, 19 ga Maris

Mai Makulli ya kira ni ofis. Gwaggo ce kaɗai macen da ke haihuwa a garken, sauran sun tsufa. Ya ce wa ya ba ni izinin taɓa dabba, na ce ba kowa. Ya ce aikina shara ne ko magani, na ce shara. Ya rubuta rahoto a gabana, ya mayar da ni wankin bayin baƙi da kwandunan shara. Da na tambayi maganar sa hannu, ya ce za mu gani, yana juya makulli a yatsa.

Na fito ina tafasa. Amma a hanya na tuna wani mataimakina da na taɓa kora a gida saboda ya yi wa tunkiya allurar da ban sa shi ba. Tunkiyar ma ba ta mutu ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Likita ta same ni a bayan ɗakin abinci ina wanke bokitai. Na zaci faɗa za ta ƙara min. Sai ta jawo wani buhun dusa da ba komai a ciki, ta shimfiɗa a ƙasa, ta tsuguna ta zana layi ɗaya, ta raba shi uku.

Ta ce duk mai gashi a jiki da ke ba ɗansa nono, dangi ɗaya ne, da mu da saniya da jemage. Abin da ya raba dangin shi ne inda ake ƙarasa ɗan. Reshe na farko ƙwai suke yi. Na ce a'a, Likita, wannan kam a'a, mai ƙwai ba ya shayarwa. Ta fito da waya ta nuna min: wani mai baki kamar na agwagwa yana iyo, wani mai ƙaya kamar bushiya. Ƙwai suke sakawa, ɗan ya ƙyanƙyashe, nono ya riƙa tsattsafowa daga fatar uwar yana lasa, ko kan nono babu. Na kalla sau uku.

Reshe na uku namu ne: ɗa ya zauna a mahaifa, mabiyiya ta ciyar da shi wata da watanni, sai ya cika a sauke shi. Ɗan maraƙi ya faɗo, kafin ka wanke hannu ya miƙe.

Na tsakiya su Gwaggo ne, da wani mai kwana a kan bishiya, da wasu masu kama da gafiya, iri-iri har ɗaruruwa. Cikin su Gwaggo kwana talatin da uku ne ko kusa da haka. Mabiyiyar ma akwai, 'yar ƙarama ce mai gajeren aiki. Sai a haifi ɗan bai ƙarasa ba, abin da aka gama masa kawai hannuwa ne da hanci da baki, wato abin da zai hau da shi, da abin da zai nemi hanya da shi, da abin da zai kama da shi. Shi kaɗai zai ja jiki daga ƙasa zuwa jaka. Uwar ba ta ɗaukarsa. In ya kama nono, kan nonon ya kumbura a bakinsa, ba zai saki ba sai bayan watanni. Ta ce jakar ma ba ita ce asalin abin da ya haɗa su ba, wasu ba su da ita sai ɗan ninkin fata, haihuwar wurin ce.

Shekara goma sha tara ina zaune a kan reshe ɗaya ina tsammanin shi ne bishiyar.

Da za ta tafi ta ce Ƙato ya bi Gwaggo ya yi mata barbara yau da safe. Haka suke, kwana ɗaya biyu bayan haihuwa. Na ɗauke buhun na ninke na sa a jakata.

Juma'a, 21 ga Maris

Bayi goma sha biyu. Mutane ba su da tausayi.

Litinin, 24 ga Maris

Likita ta dawo da tambaya: ta yaya na san in je gindin bishiyar nan a wannan safiya? Na ce ai tun kwana uku kafin nan na ga alama. Ta ce wace alama. Na lissafa mata, rage ci, ware kai, wankin jaka, yadda take sauya kwanciya kamar ƙasa na cizonta. Tana rubutawa. Ta ce shekararta takwas a nan, ita da duk ma'aikata ba wanda ya taɓa ganin haihuwar kangaru da ido, sai dai bayan watanni a ga jaka na motsi.

Ban san abin da zan yi da wannan magana ba. Ni kaɗai na gani, kuma ga abin da na yi da ganin.

Alhamis, 27 ga Maris

Sun yi zama, Likita da Mai Makulli, an kira ni a ƙarshe. Ta roƙa a bar ni in riƙa sa wa Gwaggo ido daga tsakiyar wata mai zuwa, bayan na gama bayi. Ya yarda da ƙyar. Sharaɗinsa: in na taɓa ko gashinta ɗaya, ranar zan tattara. In an buɗe jaka an ga ɗa kafin takardata ta mutu, zai yaga rahoton ya sa hannu. In ba a gani ba, rahoton zai wuce sama.

Likita ta ce masa wannan ba a hannun Baba yake ba. Ya ce na farkon ma ai ba a hannunsa ya kamata ya kasance ba.

Amsa ce mai kyau, ba zan hana shi ba. Amma dubi inda na tsaya: zamana a nan, da abincin mutum bakwai a gida, sun rataya a hannuwan abin da ko ƙwayar gero bai kai ba tukuna.

Lahadi, 30 ga Maris

Sai yau na gaya wa uwar yara a waya. Sai ta ce, Malam, kai da ka ce ba dabbar da za ta haihu ta ba ka mamaki? Na ce wannan ba dabba ba ce irin wadda kika sani. Ta ce ita ma da ta haihu biyar ban taɓa tsayawa na ga yadda abin yake ba, umarni kawai nake jefo wa ungozoma daga bakin ƙofa. Ta yi dariya. Daga baya ta tambayi ranar da takardar za ta mutu, muryarta ta sauka.

Laraba, 2 ga Afrilu

Wani abu da ya hana ni sakat. Likita ta ce da na farkon ya rayu ya kama nono, da wannan cikin na yanzu bai ci gaba ba. Zai fara, ya kai ɗan ɗigo, sai ya tsaya cak a mahaifa, ba ya girma ba ya mutuwa, wata shida, wata bakwai, yana jiran na jaka ya ba shi wuri. Tsotson na jaka ne ke riƙe shi. Tunda jakar ba kowa, wannan zai taho kai tsaye.

Ciki ya tsaya ya jira. Na faɗa wa Direba, ya ce da matarsa ta iya wannan da bai baro gida ba.

Ni ban yi dariya ba sosai. Wanda nake roƙon Allah ya kawo lafiya, hanyarsa ta buɗe ne da abin da hannuna ya yi. Ban san ta wane gefe zan riƙe wannan ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Ba labari. Gwiwata ta hagu na ciwo.

Talata, 15 ga Afrilu

Na fara zaman gadi. Ina gama bayi ƙarfe takwas da rabi, in kifa bokiti a cikin shinge in zauna. An ba ni oba-oba in kira Likita in na ga wani abu. Baƙi suna wucewa suna ɗaukar hotona tare da dabbobin.

Babban ɗan Gwaggo ya zo shan nono, na lura kullum ɗaya yake ja, dogo, har yana leƙowa bakin jaka. Na tambaya. Kan nono huɗu ne a ciki. Nasa ya miƙe yana ba da madara mai kauri da maiƙo. In jariri ya zo zai kama wani ƙarami, shi kuma ya ba da tsinkakkiya irin tasa. Uwa ɗaya, rana ɗaya, madara iri biyu, kowa da tasa. Na shafa hantsar saniya fiye da dubu a rayuwata. Tsarki ya tabbata ga wanda ya tsara wannan.

Asabar, 19 ga Afrilu

In ta haihu bayan an rufe gida fa? In ya faɗi a ciyawa ba wanda ya gani? Likita ta ce da yawa suna faɗuwa, uwar ko dubawa ba ta yi.

Litinin, 21 ga Afrilu

Ta fara wankin jaka. Ta bar rabin abincinta.

Laraba, 23 ga Afrilu

Daga shigowa ɗaki na ɗauki biro.

Ƙarfe goma saura Gwaggo ta je gindin bishiyar nan dai, ta zauna, jela gaba. Na kira Likita a oba-oba, tana can ƙarshen gida an kwantar da jakin dawa da allurar barci, ba ta isa ta bar shi ba. Ta ce, Baba, ka kalla kawai. Na matsa har taku uku, na durƙusa, na tura hannuwana biyu cikin ɗamarar wandona ta baya, don na san halinsu.

Ruwa ya zo. Sai wani ɗan ƙunshi mai sheƙi, ta lasa, ya fashe. Ga shi. Ja, ɗanye, ana ganin duhun cikinsa ta fata. Ya ɗan tsaya kamar mai sauraro. Sai hannun dama ya miƙa ya kama gashi. Na hagu. Kan yana lilo, dama, hagu, kamar makaho a baƙuwar unguwa, ƙafafun baya na jan banza. Tsakaninsa da bakin jaka bai fi taƙi ɗaya da rabi ba, amma a wurinsa gashin nan daji ne. Ba wanda ya nuna masa. Bai taɓa ganin haske ba, bai san akwai jaka ba, bai san akwai uwa ba, yana hawa.

Ya kai rabi, sai ga babban ɗan ya taho da tsallensa zai sha nono. Gwaggo ta muskuta. Abin ya zame, ya karkata wajen cinya, ya rataya da hannu ɗaya.

Hannuna na dama ya fito daga ɗamara. Na gan shi ya fito. Yatsa ɗaya ya isa, in ɗan tura shi ya koma hanya, ba wanda ke wurin. Kuma ba tsoron Mai Makulli ne ya tsayar da ni ba, a lokacin na manta akwai shi. Na dubi yatsan ne kusa da abin, na ga girmansa.

Sai na yi abin da na iya. Raba maraƙi da uwa ba sabon aiki ba ne. Na ja da gwiwa na shiga tsakaninsu, na ba Gwaggo baya, na miƙa tsintsiya a gicciye, ina ɗan tsaki ƙasa-ƙasa yadda ake yi wa ɗan maraƙi mai naci. Ya yi dama na tare, ya yi hagu na tare, ya kai min hannu a fuska ya karce ni. Na jawo bokitin dusa da ƙafa na tura masa. Ya yi tunani, ya zaɓi dusa.

Ban so in waiwaya ba. Na waiwaya.

Ya koma hanya da kansa. Yana sama da inda na bar shi. Dama, hagu. Ya kai bakin jaka, ya ɗan yi jim a gefen, ya tuntsura ciki. Shi ke nan. Gwaggo ta lashe jinin jelarta.

Duka bai wuce minti huɗu ba. Likita ta iso tana haki ta same ni zaune a ƙasa, jini a kumatu. Ta ce ya shiga? Na ɗaga kai. Ta ce na ɗauka a waya? Wayar tana aljihuna, ko tunawa ban yi ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Mai Makulli ya ce shi bai ga komai ba, maganar baki ce. Likita ta ce ba za ta buɗe jaka ba sai bayan mako, kada a dame shi kafin ya kama sosai. Shiga jaka daban, samun nono daban.

Direba ya ga karcen ya ce, Dokta, ashe har marasa lafiyar sun fara ramawa.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Ina kallon cikinta kamar zan huda shi da ido. Ba abin da ya nuna.

Laraba, 30 ga Afrilu

An buɗe. Ni aka hana taɓawa, don haka wani ya riƙe ta, Likita ta ware bakin jakar da yatsu biyu ta haska 'yar tocila. Ta daɗe tana dubawa. Sai ta matsa gefe ta ce, Baba, zo.

Ciki ja ne, da ɗumi, da laima, da wani ɗan wari kamar na sabuwar fata. Ga dogon nonon babban a gefe. Can ƙasa, a kan wani ɗan siriri kamar zare, ga shi a maƙale, bakinsa ya haɗe da nonon kamar tare aka yi su. Ya ƙaru, kaɗan. Ta fatar ƙirjinsa ana ganin wani ɗigo na bugawa, da farin madara a cikinsa. Abin da a wurin saniya yake ɓoye a duhu wata tara, wanda ban taɓa sani ba sai da lalube, ga shi a fili ana haska shi da tocila.

Mai Makulli ya leƙa bayana. Ya ce a ɗan ƙara haske. Makullan nan da ba sa shiru, ya dafe su da hannu a ƙugunsa. Shekararsa ashirin da biyu a gidan. Da ya miƙe bai dubi kowa ba, ya ce a rufe kada iska ta shiga.

Talata, 6 ga Mayu

Ya sa hannu. Rahoton bai yaga a gabana ba, cewa ya yi ya ɓata. Ya mayar da ni shingen kangaru, da shara dai. Sunana ya sake karya shi, amma ya gwada sau biyu.

Juma'a, 9 ga Mayu

Matar ofis da ta karɓi takardun ta ce kwanakin hutuna sun taru, doka ba ta yarda su wuce haka ba, sai in zaɓi lokaci bana. Uwar yara ta ce Yuni. Na tambayi Likita, a cikin hira dai, yaushe ɗan jakar yake fara leƙo kai waje. Ta ce wajen wata biyar, ƙarshen Satumba ke nan. Na rubuta Oktoba a takardar. Na ce wa uwar yara aiki ne ya yi yawa, ta ce to, Malam, a gaida aikin.

Da rana wasu baƙi suka tsaya a shinge, wani dattijo yana gaya wa matarsa wai a cikin jaka suke ɗaukar ciki. Ban san lokacin da na ja layi a ƙasa da gindin tsintsiya na raba shi uku ba. Har na ji bakina ya ce tamu ta haihu makonni biyu da suka wuce. Tamu. Gajiya ce.

Abin da na iya tsirarwa zuwa yau: takardar zama ta wata goma sha biyu. Kwanakin hutu sittin da uku. Ɗan kangaru ɗaya cikin biyu.